Faɗimatu a Ƙasar Fotugal

Kwanan baya aka yi haihuwa a gidan wani ɗan'uwana a Gawon Nama, cikin Sakkwato. Ran suna muka hallara tun da sassafe, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Liman ya yi addu'a, aka shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an raɗa wa jaririya Faɗimatu. Jama'a na cikin watsewa sai wani yaro ɗan makaranta, ɗan ƙanwata, ya matso ya durƙusa, ya ce, "Kawu, ina da tambaya. Da na je hutu Kano na ga wata babbar majami'a ta Kirista, an rubuta sunan Fatima a allonta. Na tambayi wani abokina da ke karatu a makarantar mishan, ya ce ai sunan nasu ne, daga ƙasar Turawa ya zo. Ni kuwa na ce ƙarya ya ke yi, namu ne. Har muka kusa ɓatawa. To, Kawu, wa ya ara wurin wani?"

Na ce masa ya zauna. Abokin nan nasa bai yi ƙarya ba, gama lalle akwai sunan a ƙasar Turawa, kuma mata masu yawa na ƙasar Fotugal suna amsa shi. Shi ma yaron bai yi ƙarya ba. Tun da ya ke na san ba su biyu kaɗai ne 'yan makarantar da wannan abu ya ɗaure wa kai ba, bari in shimfiɗa labarin a nan kamar yadda na ba shi, har da ƙari.

Asalin sunan dai Larabci ne, ba wanda ya yi jayayya a kan wannan. Ya fito daga kalmar da Larabawa ke faɗi in uwa ta yaye ɗanta daga nono. Faɗima, watau mai yayewa. Sunan ya girmi Musulunci, gama kakar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ta haifi mahaifinsa Abdullahi, sunanta Faɗima ɗiyar Amru. Mahaifiyar Sayyadina Aliyu ma Faɗima ce, ɗiyar Asadu. Amma wadda ta ɗaukaka sunan har ya cika duniya ita ce Nana Faɗima, autar 'ya'ya matan Annabi da Nana Hadiza. A Makka aka haife ta. Ta auri Aliyu ɗan Abu Ɗalibi a Madina cikin shekara ta 2 bayan Hijira, ta haifi Hasan da Husaini da Zainabu da Ummu Kulsum. Ta rasu a shekara ta 11, watau 632 ta lissafin Turawa, kamar wata shida bayan mahaifinta. Ta tsatsonta ne zuriyar Annabi ta wanzu, saboda haka duk sharifin da ka gani, ko a Fas ko a Kano, ita ya ke kira kaka. Waɗansu malamai sun ƙara wa ma'anar sunan nauyi, suka ce an kira ta haka don Allah ya yaye ta daga wuta.

Tana da laƙabi biyu sanannu. Ɗaya Zahra'u, mai haske. Ɗayan Batulu, wadda ta yanke daga sha'anin duniya ta fuskanci Ubangijinta. Ku riƙe wannan na biyu, gama Larabawa, Musulminsu da Kiristansu, da shi su ke yi wa Maryamu uwar Annabi Isa kirari. Ya zo kuma cikin hadisi an lasafta mata huɗu da suka fi sauran mata, aka ambaci Maryamu da Asiya matar Fir'auna da Hadiza da Faɗima. Ashe tun kafin a san za a yi wata ƙasa wai ita Fotugal, sunayen nan biyu sun riga sun zauna kusa da juna a bakin malamai.

Da sunan ya shigo ƙasashen baƙar fata sai ko wane harshe ya tanƙwara shi yadda ya fi masa sauƙi. Mu a nan harafin nan na Larabci mai nauyi mun saba mai da shi ɗ, kamar yadda mu ke cewa ɗalibi da ɗahara da ɗawafi, don haka muka ce Faɗimatu. Waɗansu Hausawa su ce Fatsima ko Fatsuma. Barebari su ce Falmata, mutanen Mali su ce Fatumata ko Fanta, na Sanigal su ce Fatu. Binta kuwa, da mu ke kiran ko wace Faɗimatu da shi, daga bintu ne, watau ɗiya, ba a ma bukatar a faɗi ɗiyar wa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya raɗa wa ɗiyarsa wannan suna. Ita ce Faɗima da a ke kira Mo'Inna, uwarsu ɗaya da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo. Da ta rasu, ba da daɗewa ba bayan rasuwar Bello a 1837, 'yar'uwarta Nana Asma'u ta yi mata waƙar makoki, ta yabe ta da kyauta da ciyar da jama'a.

To, wannan hanyar kudu ke nan da sunan ya biyo. Akwai kuma wata hanya da ya bi, ta arewa.

A shekarar 711 wani shugaban yaƙi, Ɗariƙu ɗan Ziyadu, ya ƙetare ɗan siririn tekun da ya raba Maroko da ƙasar Turai. Dutsen da ya sauka gindinsa har yau da sunansa a ke kiransa, Jabalu Ɗariƙ, wanda Turawa suka murɗe ya koma Jibiralta. Cikin 'yan shekaru kaɗan Musulmi suka mallaki yawancin ƙasar da yanzu ta rabu biyu, Sifen da Fotugal, suka kira ta Andalus. Kada ɗalibin Sakkwato ya ɗauka wannan wata baƙuwar ƙasa ce da ba ruwansa da ita. Ishiriniyar da a ke rerawa a masallatanmu, mai ita Alfazazi, haifaffen Ƙurɗuba ne, ya rasu a 1230. Alfiyyar nahawu da ke wahal da manyan ɗalibai a zaure, mai ita Ibnu Maliki a Jayyan aka haife shi. Muwaɗɗar Imamu Maliki da malamanmu ke karantarwa, ta hannun Yahaya Allaisi mutumin Ƙurɗuba ta iso gare mu. Duk garuruwan nan cikin Andalus su ke.

Yankin yamma na ƙasar, Larabawa suka ce masa Algarbu, watau yamma. Har gobe lardin kudancin Fotugal sunansa Algarve. A tsakiyar ƙasar, wajen Lisbon, mulkin Musulmi ya yi shekara fiye da 400, sai a 1147 Afonso Henrikes, sarkin Fotugal na fari, ya ci Santarem da Lisbon. A can kudu kuwa sai 1249 aka ci Faro. Don ku gane tsawon wannan zamani, ku tuna daga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804 har yau ba a cika shekara 230 ba, amma ku dubi yadda ta sāke ƙasar nan. Ina ga abin da ya ninka wannan?

Saboda haka harshen Turawan Fotugal cike ya ke da Larabci, kuma sun ara shi yadda muka ara, watau da "al" ɗinsa gaba ɗaya. Mu muka ce albasa da alkama da alƙali da almakashi. Su suka ce aldeia, ƙauye, da alfaiate, tela, da almofada, matashin kai. Abin da mu ke kira sukari su ce açúcar, zaitun su ce azeitona. Har in mutuminsu yana fatan wani abu ya auku sai ya ce oxalá, wanda asalinsa kalmar nan ce ta Larabci ta jingina al'amari ga nufin Allah, ko da ya ke yawancin masu faɗinta ba su san da haka ba. A ƙarshen 1496 Sarki Manuwel na Ɗaya ya yi doka, duk Bayahude da Musulmin da bai shiga addinin Kirista ba ya bar ƙasar. Masallatai suka rushe ko suka koma majami'u. Amma doka ba ta korar sunan gari. Mu ma a nan mun ga haka: ganuwar Sakkwato ta zube, amma har yanzu a na cewa Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Aliyu Jeɗo, ko yaron da bai taɓa ganin ƙyaure a wurin ba ya san inda za a aike shi.

Cikin sunayen da suka maƙale a ƙasa haka akwai na wani ɗan ƙauye a kan duwatsu, kamar mil 80 arewa da Lisbon, tafiyar ta ɗan fi ta Sakkwato zuwa Argungu. Suna rubuta shi Fátima. A 1568, shekara 72 bayan dokar korar nan, da wannan suna aka san shi cikin littattafan majami'a.

Mutanen wurin suna da labarin da su ke bayarwa na yadda aka yi. Wai a 1158, ran idin Yohanna Mai Baftisma, wani barde Kirista, Gonsalo Hermiges, ya kai hari garin Alcácer do Sal, wanda a lokacin ke hannun Musulmi. Ya kamo ɗiyar hakimin garin, sunanta Fatima. Ya kai ta gaban Sarki Afonso ya roƙi a ba shi aurenta. Sarki ya yarda, in har za ta bar addininta. Aka yi mata baftisma aka sāke mata suna Oureana, sarki ya ba su wani gari, wai daga sunan nan nata na biyu ya sami sunansa Ourém. Ba ta yi tsawon rai ba. Baƙin ciki ya sa mijin ya ajiye takobi ya shiga gidan masu zuhudu na Alcobaça, aka kai gawarta wani wuri kusa aka binne, wurin ya ɗauki sunanta na yanka.

Labari ne mai daɗi, amma ku lura. Wanda ya shahara da rubuta shi wani malamin majami'a ne, Bernardo de Brito, cikin littafinsa na 1602, watau shekara 444 bayan lokacin da a ke cewa abin ya faru. Masu binciken tarihi ba su ɗauke shi a bakin hujja ba. Ko'ina cikin duniya, in mutane suka tarad da suna ba su san dalilinsa ba, sai su ɗinka masa labari, kamar yadda waɗansunmu ke cewa an kira Bayajidda haka don "ba ya ji da". Ni abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin shi ne, bakin mai kamu ne kaɗai a ke ji. An ce ta so shi, an ce da yardarta ta sāke addini, amma yarinyar da aka ɗauko a bayan doki daga gidan ubanta, wa ya tambaye ta? Abin da ya tabbata kawai shi ne sunan ƙauyen na Larabci ne, ragowar zamanin da Musulmi suka zauna ƙasar.

Haka ƙauyen ya zauna shekara ɗaruruwa, ba wanda ya san da shi sai makiyaya da manoman zaitun. A wancan zamani da wuya ka sami Kiristan da ya sa wa ɗiyarsa Fátima. Sai shekarar 1917 ta zo.

Ƙasar Fotugal tana cikin ƙunci a lokacin. A 1910 an tuɓe sarki an kafa jamhuriya, sababbin masu mulki kuwa ba su shiri da majami'a, har a 1911 suka yi dokar raba ta da gwamnati. A 1916 ƙasar ta shiga babban yaƙin duniya na fari, aka kwashi samarin ƙauyuka aka kai Faransa. Cikin wannan hali, ran 13 ga watan Mayu, yara uku suna kiwon tumaki a wani kwari da a ke kira Cova da Iria, kusa da Fátima. Babbarsu Lusiya dos Santos, shekararta 10, sai 'yan'uwanta biyu, Faransisko Marto da ƙanwarsa Jasinta, mai shekara 7. Da suka komo gida suka ce sun ga wata mace cikin fararen tufafi masu haske a kan wata 'yar itaciya, ta ce su dawo wurin ran 13 ga ko wane wata har sau shida, su yi ta addu'a don yaƙi ya ƙare.

Uwar Lusiya ba ta yarda ba, ta ce ƙarya ɗiyarta ke yi. A watan Agusta mai mulkin gundumar Ourém ya kama yaran ya tsare su, ya yi musu barazana don su janye maganarsu, suka ƙi. Kamun nan kuwa sai ya zama kamar an zuba wa wuta mai. Ran 13 ga Oktoba jama'a suka taru cikin ruwan sama, masu ƙiyasi suka saɓa, amma adadin da aka fi ambata shi ne 70,000. Mutane da yawa suka ce sun ga rana tana juyawa tana sāke launi. Wata jaridar Lisbon, O Século, wadda ba ta goyon bayan majami'a, ta buga labarin daga bakin wakilinta da ya je wurin. Akwai kuma waɗanda suka halarta suka ce ba su ga kome ba, masu duban taurari na sauran ƙasashe ma ba su ga rana ta motsa ba. A ran nan Lusiya ta ce macen ta faɗi ko ita wace ce, wai ita ce Uwargijiyar Carbi, watau Maryamu.

A nan yaron nan ya katse ni ya ce, "Kawu, Kirista ma suna da carbi?" Na ce masa 'yan ɗariƙar Katolika suna da shi, ƙwayarsa 59, suna jan addu'o'i goma goma. Na kuma tuna masa abin da ya riga ya sani, yadda Nana Faɗima ta kai kuka wurin mahaifinta don niƙa ya sa hannunta ya yi kanta, tana neman mai taimako, shi kuwa ya koya mata tasbihi 33 da tahmidi 33 da kabbara 34 in za ta kwanta. Kamannin ya ba shi mamaki. Na ce ya yi mamakinsa, amma kada ya gina kome a kai.

Ƙananan yaran biyu ba su daɗe ba. Annobar murar nan ta 1918, wadda ta kashe mutane a duniya duka har da ƙasarmu, ta kama su. Faransisko ya mutu a 1919, Jasinta a 1920. Lusiya ta shiga gidan mata masu zuhudu, ta rayu har 2005. Majami'a ta yi shekaru tana bincike, sai ran 13 ga Oktoba 1930 bishop na Leiria ya ba da sanarwa cewa abin da yaran suka faɗa ya cancanci a gaskata shi. Aka gina babbar majami'a a kwarin nan, aka keɓe ta a 1953. Paparoma Bulus na Shida ya ziyarci wurin a 1967. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, da aka harbe shi a Rum ran 13 ga Mayu 1981 bai mutu ba, ya zo godiya shekarar da ta biyo, harsashin kuwa aka sa shi cikin kambin siffar Maryamu da ke can. A 2017 Paparoma Faransis ya sa Faransisko da Jasinta cikin jerin tsarkakansu. Ƙauyen makiyaya ya zama birni, masu ziyara miliyoyi suna zuwa ko wace shekara.

Yanzu ga inda sunan mutum ya fito. Turawan Fotugal suna da wata al'ada, ba su cika sa wa yarinya Mariya kawai ba, sai su haɗa da wata siffa ko wani wuri da a ke danganta Maryamu da shi. Akwai Maria das Dores, Maryamun baƙin ciki, da Maria do Rosário, ta carbi, da Maria de Lurdes, ta wani gari a Faransa. Da labarin ƙauyen nan ya bazu sai aka shiga sa Maria de Fátima, watau Maryamun Fátima. Da ya ke sunan ya yi tsawo, kuma Mariya ta yi yawa a ko wane gida, sai a yar da na farkon a riƙa kiran yarinya Fátima kurum. Haka ya bi harshensu ya shiga Barazil da Angola da Mozambik da Gini Bisau. Fadan Katolika suka kai shi sauran ƙasashe, shi ya sa babbar majami'arsu ta Kano da ta Jos duka da wannan suna a ke kiransu.

Kun ga bambancin ke nan. Mutumin Gawon Nama in ya yanka rago ya ce Faɗimatu, mutum ya ke nufi, ɗiyar Annabi, yana fatan jaririyarsa ta yi halinta. Mutumin Lisbon in ya kai ɗiyarsa baftisma ya ce Fátima, wuri ya ke nufi, kuma wadda ke zuciyarsa Maryamu ce. Ita ma Maryamun, ko da ya ke duka suna girmama ta, har ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, aka kuma sa wa sura ta 19 sunanta, ba matsayi ɗaya suka ba ta ba. Kirista suna cewa uwar Ɗan Allah ce, Musulmi kuwa suna cewa uwar Annabi Isa ce, bawan Allah kuma manzonsa. Su Kiristan ma ba duka suka karɓi labarin 1917 ba. Da yawa daga cikin waɗanda ba Katolika ba ba su roƙo ta hannun Maryamu, ita majami'ar Katolika kanta ba ta wajabta wa mabiyanta gaskata shi ba.

An sami masu son su cike wannan rata da zato. Wani bishop na Amurka, Fulton Sheen, ya rubuta a 1952 cewa da gangan Maryamu ta zaɓi ƙauye mai sunan ɗiyar Annabi, don ta jawo Musulmi. Na kuma ji waɗansu Musulmi suna cewa ai Nana Faɗima ce yaran suka gani ba su gane ba. A ganina duk biyu buri ne, ko wanne yana jan bargo wajensa. Yaran nan ba su san Larabci ba, ba su taɓa cewa sun ga wata Faɗima ba, sunan ƙauyensu ne kawai, wanda suka gada kamar yadda mu ke gadon sunayen unguwanninmu.

Yaron ya yi shiru, can ya ce zai rubuta wa abokinsa takarda, amma shi dai har yanzu a ganinsa su suka fara ara. Na ce wannan kam tarihi na bayansa, sai dai ya rubuta da ladabi, ya kuma bar wa abokin nasa Maryamunsa. Muna nan zaune aka fito da naman suna a kan faifai. Daga cikin gida na ji mata suna guɗa, suna kiran jaririyar Ummi, gama sunan kakarta ta wajen uba aka mayar mata, ba kuwa surukar da za ta iya buɗe baki ta faɗe shi.